Ra'ayinmu: Ina Zanen Layin Famfo Ya Shiga?



Yau da tona wa kanmu asiri za mu fara. Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. To, mu namu za mu fara dubawa kafin mu hango na kowa.

Ranar Talatar makon jiya wani tsohon ɗalibin makarantar nan ya zo karɓar takardar sakamakonsa. Da ya fito daga ofis sai ya biyo ta wajen allon nan, ya same mu muna liƙa labaran mako. Manyanmu 'yan ajin ƙarshe suka gane shi nan take, domin shi ne ya fara zana katun ɗin da ke fitowa a kusurwar ƙasa ta allon nan, shekara huɗu da suka wuce. Bayan mun gaisa ya ce, "Ƙannena, ina kuke ajiye tsofaffin zane? Wani kamfanin buga littattafan yara ya ce in kai samfurin aikina ranar Litinin. Wanda na fi so su gani shi ne na layin famfo."

Duk wanda ya daɗe a makarantar nan ya san zanen layin famfo, ko da bai gan shi da idonsa ba. Gida huɗu ne. A na farko ƙananan ɗalibai sun jera bokitai tun asuba. A na biyu wani babba ya zo ya ajiye nasa a gaba. A na uku wasu manyan sun biyo shi. A na huɗu an kaɗa ƙararrawa, ƙananan suna gudu zuwa aji da busassun bokitai, ga mai bulala yana jiran su a ƙofa saboda makara. An ce ranar da aka liƙa shi har shugaban makaranta sai da ya tsaya ya duba, kuma a wannan zangon ne aka raba lokacin ɗibar ruwa tsakanin manya da ƙanana. Dokar da muke cin moriyarta yau, daga wannan takardar ta samo asali.

Muka ce, "Yaya, ba mu minti goma." Minti goma ya zama awa biyu. Mun buɗe kabad ɗin ƙungiya, mun sami busasshen gam, da tsofaffin maka, da kwalin da gara ta ci rabinsa. Mun duba durowar malaminmu uban ƙungiya. Mun tambayi mai kula da laburare, mun tambayi Baba mai shara. Daga bakin Baba muka ji gaskiyar magana: duk ƙarshen zango akan yaye abin da ke allon a haɗa da shara a ƙone, wasu takardun ɗalibai su cire su yi wa littattafansu bango, wasu kuma ruwan damina ya riga kowa. Idan aka lissafa zane ɗaya a kowane mako na karatu, cikin shekara huɗu an liƙa fiye da 100 a kusurwar nan. Da muka tattara abin da ya rage, guda 9 muka samu, kuma babu ko ɗaya mai kwanan wata. Na layin famfo ba ya ciki. Yayanmu ya yi murmushi ya ce ba komai, amma mun ga yadda ya juya ya tafi.

Kwana biyu bayan haka muka shiga darasin kwamfuta. Malam yana koya mana yadda ake bincike a intanet, sai ya ce kowa ya nemo wani abu da ya taɓa gani amma ya manta sunansa. Wata daga cikinmu ta tuna wani zanen barkwanci da ta gani a tsohon littafin babanta: yarinya ta riƙe wa yaro ƙwallo ya buga, yana zuwa da gudu sai ta janye, ya faɗi warwas. Ba ta san sunan zanen ba, ba ta san mai zanen ba, ba ta san shekara ba. Ta rubuta kalmomi kaɗan da Turanci a gurbin bincike. Kafin minti ɗaya ya cika ga shi ya fito: Peanuts ne, na wani Ba'amurke mai suna Charles Schulz, yarinyar Lucy ce, yaron kuma Charlie Brown. Da ta ƙara bincike sai ga irinsa da yawa, domin mai zanen ya yi ta maimaita wannan wasan shekara da shekaru, kowanne da ranar da ya fito a jarida.

Sai muka dubi juna. Zanen da aka yi a Amurka tun iyayenmu ba su zo duniya ba an same shi cikin minti ɗaya. Namu da aka yi a bangon nan shekara huɗu kacal, mutum bakwai sun neme shi awa biyu ba su gan shi ba. Me ya kawo wannan bambanci?

Wasu a ajin suka ce ai su Turawa suna da na'ura. Mu ma da farko haka muka ɗauka, sai da Malam ya yi mana bayanin yadda bincike yake aiki. Lokacin da ka rubuta kalma ka danna, ba wai na'urar tana tashi ta bi hotuna ɗaya bayan ɗaya tana kallo ba ne. Tun kafin ka zo an riga an shirya mata jerin kalmomi, kowace kalma da wuraren da ta fito, kamar fihirisar da ke bayan littafinmu na Bayoloji, inda za ka ga kalmar "zuciya" da lambobin shafukan da aka yi maganarta. Wannan jerin take dubawa, shi ya sa take da sauri. Abin da bai shiga jerin ba, a wajenta babu shi.

A nan zanen barkwanci yake da tasa matsalar. Maganar da ke cikin ƙawanyar da ke fitowa daga bakin mutum, a idonmu rubutu ce, amma a wajen kwamfuta ɓangaren hoto ce kawai, ba ta da bambanci da hular mutumin ko wutsiyar karensa. Kafin a iya nemo zane da abin da aka faɗa a cikinsa, sai an fitar da maganar an mayar da ita rubutun da na'ura ke karantawa. Kuma ko an yi haka aiki bai ƙare ba, domin zane da yawa babu magana a cikinsu, wasu kuma abin da ake nema ba a ambace shi da baki ba. Na layin famfo misali ne: babu wanda ya furta kalmar "famfo" a ciki. Sai wani ya zauna ya rubuta cewa a wannan zane akwai famfo, akwai bokiti, akwai layi, akwai makara.

Ku dubi girman aikin. Peanuts ya fara fitowa ranar 2 ga Oktoba 1950, na ƙarshe ya fito ranar 13 ga Fabrairu 2000, washegarin rasuwar mai zanen. Guda 17,897 ya zana da hannunsa. Idan mutum zai ba kowane ɗaya daƙiƙa 10 yana neman guda ɗaya, sai ya yi kusan awa 50 bai ɗaga kai ba. Wannan shi ne allura cikin ruwa, mai rabo ka ɗauka. Amma da yake kowane zane yana da kwanan watansa, ba a bar abin ga rabo ba. Da wani kamfani ya tattara su duka a littattafai 26 tsakanin 2004 da 2016, sai da aka sa fihirisa a bayan littattafan, mai karatu ya duba sunan wanda yake so ko abin da yake nema ya tafi shafin kai tsaye. Haka ma Calvin and Hobbes, labarin wani yaro ɗan shekara shida da damisar wasansa, wanda Bill Watterson ya zana daga 1985 zuwa 1995: masu son zanen ne suka zauna suka kwafe maganganun da ke cikinsa, shi ya sa yau ake iya nemo shi da kalma ɗaya da mutum ya tuna.

Amma akwai abin da ya riga fihirisa, wato ajiya. Kada ku ɗauka su ma can ba su taɓa yin irin sakacinmu ba. A tsakiyar ƙarnin da ya wuce dakunan karatu na Amurka sun riƙa ɗaukar hoton tsofaffin jaridu a kan wani siririn fim, sannan su zubar da jaridun domin su sami wuri. Fim ɗin baƙi da fari ne, saboda haka launin zane-zanen ranar Lahadi ya tafi ke nan. Wani mutum a birnin San Faransisko mai suna Bill Blackbeard ya ga abin da ake yi, ya nemi a ba shi jaridun. Da ya ga ba a ba wa mutum ɗaya sai cibiya, sai ya kafa cibiyar a 1968, ya riƙa kwaso jaridun yana tarawa a gidansa, yana yanke zane-zanen yana jera su bisa suna da kwanan wata. A ƙarshen shekarun 1990 aka kwashe abin da ya tara, kimanin tan 75, a manyan motoci 6 zuwa Jami'ar Jihar Ohayo, inda ake da babban ɗakin ajiyar zanen barkwanci. Littattafai da yawa na tsofaffin zane da ake bugawa yau daga wannan tarin aka samo su. Da ya ce ba ruwansa, da wuta da bola sun cinye su kamar yadda suka cinye namu.

To, ra'ayinmu ke nan: saurin da muke gani a gurbin bincike gumin mutane ne da suka ajiye takarda, suka sa mata kwanan wata, suka rubuta abin da ke cikinta. Malamanmu na Islamiyya sukan ce abin da aka rubuta shi ke tabbata, wanda aka bar wa ƙwaƙwalwa gudu yake yi. Idan muna son a nemo zanenmu gobe, yau za mu fara wannan aikin, kuma ba sai mun jira na'ura ba.

Ga abin da muke roƙo, ga kuma abin da muka ɗaukar wa kanmu.

Na farko, daga yau duk mai zane zai sa sunansa da ajinsa da kwanan wata a ƙasan takardarsa kafin a liƙa, mu kuma mu ba ta lamba. Zanen da babu waɗannan ba zai hau allo ba.

Na biyu, ba za a ƙara yaye zane a jefar ba. Ranar Juma'a sakataren ƙungiya zai cire shi a hankali ya sa a fayil. Muna roƙon shugaban makaranta ya ba mu gurbi ɗaya a kabad ɗin laburare mai makulli, domin namu gara ta gama da shi. Muna kuma roƙon Baba mai shara da firifet ɗin tsafta su bar kusurwar ƙasa idan ana share allo a ƙarshen zango.

Na uku, za mu sayi babban littafi mai bango mai kauri daga kuɗin ƙungiya, mu ja masa layi gida shida: lamba, kwanan wata, mai zane, duk maganar da aka yi a ciki kalma da kalma, abin da ake gani a zanen, sai kalmomin nema. Wannan littafin shi ne gurbin bincikenmu. Ko babu wuta yana aiki.

Na huɗu, muna roƙon malamin kwamfuta ya ba mu rabin awa a mako mu shigar da abin da ke littafin cikin kwamfuta, malaminmu uban ƙungiya kuma ya riƙa ɗaukar hoton kowane zane da wayarsa, a sa wa hoton lambar da ke littafin. Ta haka idan takarda ta lalace akwai hoto, idan kwamfuta ta lalace akwai takarda.

Na biyar ya shafi harshenmu. Zanenmu da Hausa yake magana, kuma kwamfuta tana ɗaukar "k" da "ƙ" a matsayin haruffa biyu daban, haka "b" da "ɓ", haka "d" da "ɗ". Wanda ya rubuta "kafa" yana neman "ƙafa" yana iya tashi hannu rabbana alhali abin yana nan. Saboda haka za mu rubuta magana da ƙa'idarta, da lanƙwasar kowane harafi, sannan a gidan kalmomin nema mu ƙara yadda mutane suka saba rubutawa a waya. Haka kuma abu ɗaya yakan zo da suna da yawa: wani zai nemi "famfo", wani "burtsatse", wani "bohol". Duk za mu sa. Mai shirya fihirisa dole ya yi tunanin wanda zai zo nema bayan shekara goma, da kalmar da za ta fara zuwa masa.

Mun san akwai masu ja da wannan, domin mun ji su tun kafin mu rubuta.

Wasu sun ce zanen barkwanci wasan yara ne, bai kai a ɓata masa littafi da kabad ba. Muna tunatar da su cewa a shekarun neman 'yancin kai, jaridar West African Pilot da Nnamdi Azikiwe ya kafa a Legas a 1937 tana da mai zane, Akinola Lasekan, wanda yake sa hannu da sunan Lash. Zane-zanensa sun caccaki mulkin mallaka, kuma masu nazarin tarihi har yau suna komawa gare su su ga yadda mutanen wancan lokaci suka kalli abin da ke faruwa. A zamaninmu ma wa bai taɓa ganin zanen Mustapha Bulama na jaridar Daily Trust yana yawo a wayoyi ba? Zane ɗaya yakan faɗi abin da shafi guda na rubutu bai faɗa ba. A makarantar nan kuwa ba sai mun je nesa ba: wasiƙu nawa aka rubuta kan layin famfo ba a ji ba, sai da gida huɗu na fensir suka yi magana?

Wasu sun ce jarrabawar WAEC da NECO na tafe, ba lokacin wannan ba ne. Gaskiya ne jarrabawa ita ce gaba da komai. Amma mun gwada da guda 9 ɗin da muka samu: cike layi ɗaya a littafin bai wuce minti biyar ba. Kuma duba abin da ake yi a minti biyar ɗin: a kalli labari a taƙaita shi cikin jimla ɗaya, a zaɓi kalmomin da suka fi muhimmanci, a rubuta Hausa bisa ƙa'ida. Ashe ba wannan ake tambayarmu a jarrabawar harshe ba? Aikin kuma 'yan aji huɗu da biyar za su riƙe shi, a bar 'yan ajin ƙarshe su fuskanci karatunsu.

Wasu sun ce na'urorin yanzu suna iya karanta rubutu daga hoto, har su gane abin da ke ciki, don haka wahalar banza za mu sha. Mun yarda na'ura ta ci gaba. Amma rubutun hannu da maka a kan kwali, da Hausa, da haruffa masu lanƙwasa, yakan ba ta wahala. Ko ta karanta daidai, ba za ta san cewa mai doguwar rigar nan firifet ne ba, ba za ta san wane zango aka yi ƙarancin ruwa ba. Mu muka san wannan. Uwa uba, babu na'urar da za ta karanta takardar da ta riga ta zama toka.

Hujjar da ta fi ba mu tunani ita ce ta huɗu. Wani malami ya ce mana wasu zanen sun taɓa mutane, gara a bar su su wuce da makonsu, kada a ajiye abin da zai riƙa tuna wa wani ranar da aka yi masa dariya. Mun zauna mun tattauna wannan sosai, kuma ba mu raina shi ba. Amsarmu ita ce: zanen da ya ci mutuncin wani, ko ya yi ba'a da halittarsa, ko ƙabilarsa, ko talaucin gidansu, tun farko bai kamata ya hau allo ba, kuma idan an taɓa yin haka laifinmu ne mu masu tacewa. Muna ganin ajiya za ta rage irin wannan. Wanda ya san sunansa yana ƙasan takarda, kuma takardar za ta zauna a laburare har ƙannensa su gani, zai yi tunani sau biyu kafin ya zana abin da zai ji kunyarsa. Wanda ya san gobe za a ƙone, shi ne ke zana abin da ya ga dama. Mun kuma yarda da sharaɗi ɗaya: duk wanda yake ganin wani zane ya zalunce shi, ya zo wajen malaminmu uban ƙungiya, a duba, idan da gaskiyarsa a cire shi daga abin da kowa ke iya gani.

Saura roƙonmu gare ku 'yan uwa. Mun san wasu tsofaffin zanen suna nan a raye, sun zama bangon littafin lissafi, ko suna ƙasan akwati a ɗakin kwana, ko wani yayanku ya tafi da su gida. Ku dawo mana da su. Babu horo, babu tambayar yadda aka yi suka zo hannunku, mun riga mun sami alkawarin haka daga mataimakin shugaban makaranta. Ko ya yage, ko ya yi maiƙo, muna so. Wanda ya tuna wani zane amma ba shi da takardar, ya zo ya faɗa mana abin da ya tuna da zangon da ya gan shi, mu rubuta a ƙarshen littafin a ƙarƙashin waɗanda ake nema. Na layin famfo shi ne na farko a wannan jerin.

Yayanmu ya aiko mana da saƙo ranar Lahadi. Ya ce ya kwana yana sake zana shi da ka, ya kai wa kamfanin, amma hannunsa na yau ba irin na wancan lokaci ba ne, kuma ya kasa tuna fuskar ƙaramin yaron da ke ƙarshen layi. Muna yi masa addu'ar Allah ya sa a ɗauke shi, muna kuma ba shi haƙuri a gaban kowa.

Idan kun gama karanta wannan, ku sunkuya ku dubi kusurwar ƙasa. Zanen wannan makon yana ɗauke da sunan mai shi, da ajinta, da kwanan wata, da lamba 1. Ranar Juma'a zai shiga fayil. Duk mai son ya riƙe littafin rajista a zango mai zuwa ya same mu ranar Laraba bayan sallar azahar a ajin da muke taro.

Allah ya ba mu sa'ar karatu, amin.

Daga Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Makaranta